Bindigar da Ba Wanda Ya So a Rabon Gado

Ranar da aka raba gadon kakana a Gummi, cikin daminar 2009, malamin da ke lissafi ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya: gonar fadama, shanun huɗa biyu, rumbun dawa, keke, tsohuwar rediyo. Kowane abu da ya ambata sai an ɗan yi ja-in-ja a kan kuɗinsa. Da aka zo kan bindigar da ke rataye a zaure, wurin ya yi tsit. Baffannina suka dubi juna. Daga ƙarshe aka yi mata kuɗin da bai kai na akuya mai ciki ba, kuma duk da haka babu wanda ya ce a sa ta cikin rabonsa. Ni jika ne, mahaifina yana raye, ba ni da rabo. Sai na ciro kuɗin daga aljihu na ajiye a kan tabarma. Wani baffana ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, mi za ka yi da ita? Ko tsuntsu ba ka taɓa kashewa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban kashe ba.

Bindigar toka ce, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. In an tsayar da ita a ƙasa, bakinta yana kawo mini ƙirji. Ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu na shekaru, akwai inda ta tsage aka naɗe da jan waya, akwai laya guda da aka ɗinke cikin fata aka ɗaure mata kusa da kunama. Ba ta da lamba, ba ta da sunan kamfani. Wani maƙeri ne ya yi ta, wani ya gyara ta bayan shekaru, wani kuma ya sake mata baki, har ba a san ko akwai sauran ƙarfen farko a jikinta ba. Ban tafi da ita birnin da nake aiki ba, domin duk mai hankali ya san abin da zai faru in aka buɗe but ɗin mota a shingen bincike aka gan ta. Na bar ta a ɗakin mahaifiyata, bayan ƙofa, ina shafa mata mai duk lokacin da na je gida.

Ina son wannan bindiga. Na daɗe ina juya wannan jimla kafin in rubuta ta, saboda na san ƙasar da nake magana a kanta. A Anka da Bukkuyum da Gummi, da wuya ka samu gidan da ba a yi zaman makoki ba a sanadin bindiga cikin shekaru goman da suka wuce. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya jagoranta a 2019 ya ƙirga mata kusan 5,000 da suka zama zawarawa da yara fiye da 25,000 da suka zama marayu a Zamfara daga 2011, kuma abin bai tsaya a nan ba. Mutumin da ya fito daga irin wannan wuri ya ce yana sha'awar bindiga, wajibi ne ya yi bayani.

A Turai da Amurka akwai masu tara ƙananan bindigogin hannu, kuma a cikinsu akwai wani rukuni da ba ruwansu da waɗanda suka yi suna. Abin da ke burge su shi ne bindigar da aka ƙera da kyau amma kasuwa ta juya mata baya. Misalin da suka fi kawowa shi ne Steyr GB ta ƙasar Ostiriya: tana ɗaukar harsashi 18, masu harbi suna yaba saitinta, amma a farkon shekarun 1980 sojojin ƙasarta suka zaɓi Glock 17, ƙirar wani kamfani da bai taɓa yin bindiga ba kafin nan. Ta je gwajin sojojin Amurka, Beretta ta cinye. A 1988 aka daina ƙera ta. Akwai kuma VP70 ta kamfanin Heckler & Koch na Jamus, wadda ta fito a 1970 da gangar jikin roba, shekara goma sha biyu kafin Glock ya yi irin wannan dabara duniya ta tafa masa. Kunamarta tana da tauri, mutane suka ƙi ta. Masu son irin waɗannan suna cewa yawan ciniki yana nuna wanda ya dace da lokaci da farashi da kwangilar gwamnati, kuma sau da yawa ba ya faɗin komai game da ingancin ƙira.

Mu a nan ba mu da wannan nishaɗi, kuma ban ce ina baƙin cikin rashinsa ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin rukunin da aka haramta, tare da bindigogin soja, ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana rukuni na biyu, lasisinta a hannun Sufeto Janar. Can ƙasa, a rukuni na uku, aka ajiye bindigogin da ake ɗurawa ta baki, al'amarinsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Wato ita doka ma ta san cewa wannan ba ta kai a tayar da hankalin Abuja a kanta ba. To ita ce tamu bindigar da kasuwa ta kayar. Abin da ya kayar da ita kuwa kowane yaro a Zamfara ya san sunansa: AK-47, ƙirar Mikhail Kalashnikov, wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949. Kwansonta yana ɗaukar harsashi 30, ba ta jin ƙura, ba ta jin ruwa, yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana iya koyonta da yamma guda. Bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 hanyoyin Sahara suka ƙara cika da ita. Idan ma'aunin shi ne yawan mutanen da za a kashe kafin a ɗauke numfashi, gasar ta ƙare tun kafin a fara.

Sai dai ba a yi bindigar toka don wannan gasa ba, ko kuma in ce ta daɗe da fita daga cikinta. Sunayen kayanta kaɗai sun isa su nuna tsawon tafiyar da ta yi. Bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi daga ar-rasas, wanda asalin ma'anarsa dalma ce. Kalmomin sun biyo ayarin Sahara, kuma tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindigar da Turkawa suka horar. Amma mafi yawan ƙarfen daga kudu ya hauro. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Danmak, waɗanda suka riƙe ganuwar Christiansborg a Ankara ta ƙasar Gana daga shekarun 1660 zuwa 1850, ko da yake daga baya masana'antun Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam ne suka riƙa zubo ta jirgi-jirgi, ana musanya ta da bayi, daga baya da manja. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka fara kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki.

Duk da haka, ba ita ta ci yaƙin jihadi ba. A 1804 baka da kibiya da doki ne suka yi aiki. Labarin da aka fi sani game da bindiga a wancan zamani ma na kunyarta ne: ruwayar da ke cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu ita a Alkalawa, wutar ta komo ta ƙone shi. Malamai suna karanta wannan a babin karama, maƙera kuma sun san hali ne da bindigar ɗuri take da shi tun asali. A ƙarshen ƙarni na 19 sarakuna suka ƙara neman ta, Tanimu na Damagaram har igwa ya sa aka zuba masa a Zinder. Sai Turawa suka zauna a Brussels a 1890 suka amince a hana mutanen Afirka bindigogin zamani, a bar musu na ƙyastu da albarushin kasuwa. Shekara goma sha uku bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, aka ga amfanin wannan yarjejeniya a bakin ganuwar Sakkwato, inda dawaki da masu da 'yan bindigogin ɗuri suka fuskanci bindiga mai ruwa. Tun daga ranar ta bar fagen yaƙi ta koma hannun maharba da fadawa.

A nan ne ta samu aikin da ya dace da ita, kuma a nan na san ta. Lokacin da nake yaro, 'yan bindiga mutane ne masu jajayen kaya da ke tafe gaban sarki ranar hawan Salla, suna buga albarushi zalla, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, mu yara mu toshe kunne muna dariya. Akwai Sarkin Bindiga. In an ga wata, ita ke sanar da unguwannin da ba su ji tambari ba. In an kai amaryar gidan sarauta, ita ke shaida. Yau ka ce "'yan bindiga" a tashar motar Gummi ka ga yadda fuskoki za su sauya. Kalmar ma an sace ta.

Kakana maharbi ne na rani, manomi na damina. Na bi shi daji sau uku ko huɗu, wajen 1991, ina ɗauke masa gora da burgami. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkirin. Kafin mu fita zai zauna bakin zaure ya goge ta, ya auna albarushi a tafin hannu, ya ɗura, ya danna da tsinken ƙarfe a hankali, bakinsa yana motsi. Wannan ɗuri guda shi ne jarinsa na yini. Muna tafiya gefen gulbin Zamfara inda fakara da zabin daji ke saukowa, ya riƙa nuna mini sawu: wannan na gada ne, wannan na gyado, wannan garken shanu ne suka wuce jiya. Wata rana muka yi kusan sa'a guda a durƙushe bayan wata sabara, ƙafata ta yi sanyi, ga gada a gabanmu tana kiwo, ya ɗaga bindiga ya sauke har sau biyu. Da ta wuce na tambaye shi dalili, cikin fushin yaro. Ya ce ciki gare ta. Sannan ya ƙara da cewa, "Abokina, wagga magana guda takai. Wanda duk yas san harbi guda garai, ba shi harbin abin da bai gani ba."

Na girma na yi karatun injiniya, na koyi cewa kowane kayan aiki yana koya wa mai riƙe da shi wani hali. Bindigar da za ka yi minti guda ko fiye kana sake ɗurawa, kana tsaye a fili, tana tilasta maka ka matso kusa, ka tabbatar, ka yi lissafin abin da zai biyo baya in ka kuskure. Sunan harba-ka-ruga ba'a ce, amma akwai ilimi a ciki: mai ita ya san da zarar ya taɓa kunama ya zama mai sanda kawai. Ba ya shiga rigimar da bai san ƙarshenta ba. Dabbar daji tana da rabonta na tsira. Kuma kayan gyaranta duka suna cikin gari. Ba a jiran kamfani, ba a neman canjin dala. Maƙerin da ke yi maka garma da lauje da gatari shi ne likitanta, da zuga-zuginsa da masabarsa da awartaki. Ta kori birai daga gonar masara, ta kori gyado daga dankali, ta kawo nama a tukunya, ta yi wa sarki gaisuwa, shekara da shekaru, a kan kuɗin da manomi zai iya biya. Kayan aiki kaɗan ne a ƙasar nan za su iya faɗin haka.

Ba zan yi mata ƙarya ba. Tana fashewa. A duk garin da ake da maharba za ka samu mai yatsu uku, ko mai ido guda, ko mai zanen albarushi a kumatu. In raɓa ta taɓa ta sai ta ƙi tashi, ko ta yi shiru har ka sauke ta sannan ta tashi, wanda ya fi muni. Bayan taku hamsin ko sittin, sai dai a ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Kuma wancan hali na haƙuri da na yaba, a hannun kakana na gan shi. Bindiga ba ta da tsoron Allah. Lokacin da rikicin nan ya fara ruruwa, da irin waɗannan bindigogi da adduna wasu 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, mai laifi da marar laifi, kuma duk wanda ya bi tarihin abin ya san wannan yana cikin itacen da ya hura wutar. Wasu maƙeran ma sun bar ƙirar gargajiya sun koma kwaikwayon ta zamani suna sayar wa duk mai kuɗi, 'yan sanda suna baje su gaban 'yan jarida lokaci-lokaci. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Akwai kuma wancan ar-rasas. Duk lokacin da na tuna cewa harsashi dalma ne, sai 2010 ta faɗo mini. A shekarar ne likitocin Médecins Sans Frontières suka gano cewa yara suna mutuwa a Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, saboda dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara kusan 400 suka rasu. Ƙarfen da kakana yake narkawa kaɗan-kaɗan a kasko ya yi ɓarna a waɗannan ƙauyuka ba tare da an ja kunama ba, kuma zinariyar da aka haƙo tare da shi tana cikin abin da ake ta ambata a zancen kuɗin makamai, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019.

A farkon Janairun 2022 aka kai hari ƙauyukan da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, kwana uku ana yi, Kurfar Ɗanya da Rafin Gero suna cikinsu. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Bayan makonni kaɗan wani ɗan baffana da ke zaune a wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yaya, bindigar Tsoho nika so ka ba ni aro."

Na ce masa, "Kana cikin hankalinka? Mutum ɗari bisa babura, kowa da AK, kai da harbi guda?"

Ya ce, "Ba faɗa za ni yi da ita ba, Yaya. Tada mutane za ni yi."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Ban yi barcin kirki ba. In na hana shi kuma wani abu ya same su, da wane ido zan kalli matarsa? In na ba shi, na sa shi a layin farko, domin duk wanda aka samu da bindiga shi ake fara kashewa. Kuma na san yadda mai gadin dare yake zama ɗan sa-kai, ɗan sa-kai ya zama mai yanke hukunci a kasuwa. Akwai wani dalili na uku da na ji kunyar samunsa a zuciyata: ba na son a taɓa mini ita. Mutum yana maganar ran 'ya'yansa, ni ina tunanin jan waya da laya. A ranar na gane cewa irin sha'awar masu tara kayan tarihi ta mai ƙoshi ce, wanda yake kwana a bayan katanga a birni.

Na ba shi, da sharaɗi: ya kai ta gaban mai gari a san da ita, ya bi abin da hukuma ta ce, kada ta bar bakin gari, kada ta je kasuwa. A watan Yunin shekarar Gwamna Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. 'Yan sanda suka ce an dakatar da ba da lasisi, babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Magana ta mutu a nan. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600. Tsakanin waɗannan sanarwoyi, abin da ke tsaye a bakin ƙauyuka da yawa da dare shi ne manomi da tocila da ƙirar maƙeri.

Sau ɗaya ta yi magana a hannunsa, cikin kakar 2023. Wajen ƙarfe biyu na dare ya ji kukan babura daga nesa, ba fitila. Ya ɗaga bakinta sama ya ja. Ya ce mini kowa a garin ya san muryar, domin ba ta kama da ta waɗancan. Tasu tana tatata ne, siririya, ba ta tsayawa. Wannan kuwa dum guda take yi, mai nauyi, kamar an buga tambari a cikin rijiya. Wanda ya ji ta ya san namu ne, kuma ya san ma'anarta. Mata suka goya yara suka shiga cikin dawa, wadda ba a riga an yanke ba. Shi ma ya yi abin da sunanta ya ce, ya ruga. Maharan suka shigo suka tarar da gari wayam. Suka kore shanu, har da na huɗar ɗan baffan nawa, suka fasa shaguna biyu, suka tafi da wani dattijo da ya kasa gudu, wanda sai bayan wata biyu da kuɗin fansa ya dawo. Ba a kashe kowa ba a daren. Ban san ko don ita ne ba. Wataƙila shanun kawai suka zo nema.

Na je gida da Babbar Salla ta bara, ya zo gaishe ni da ita naɗe cikin buhu. Tsagar ƙotar ta ƙaru, ya ɗaure da robar tayar keke. Na ce a kai wa maƙeri ya sa mata waya kamar da. Ya ce maƙerin garinsu ya koma Gummi da iyalinsa tun bara waccan, yanzu ƙofofin ƙarfe yake yi wa masu gini. Na ɗauke ta na juya, na shinshina bakin, warin nan na albarushi da na sani tun ina ɗauke da gora yana nan. Na shafa mata mai. Ya zauna yana kallona har na gama, sannan ya miƙo hannu, domin yana so ya isa gida kafin la'asar, kafin hanya ta rufe.